Kawu, na samu aikin amsa waya a Lekki amma raina ya ƙi kwanciya

Wani matashi ne ya turo wannan saƙon, na ɗan rage masa tsayi:

"Salam Kawu. Dan Allah ka ɓoye sunana. Shekarata 24, ina zaune da yayana a Agege, shi harkar albasa yake a Mile 12. Na yi difloma a kwamfuta, da ina gyaran waya a shagon wani a Computer Village amma abin da nake samu da kyar yake isata kuɗin mota. Wata uku kenan wani abokina ya haɗa ni da wani aiki wajen Lekki, wai kastoma kiya ne, wato amsa kiran masu hulɗa, na kamfanin waje. Gida ne aka zuba kwamfutoci, mu shiga da yamma mu fito da asuba. An bani sunan turawa da takardar da nake karantawa, in an kira sai ince ni ma'aikacin Microsoft ne, in sa mutum ya sauke manhajar AnyDesk ta shiga kwamfutar wani daga nesa ya karanto min lamba, daga nan in miƙa shi ga wanda muke cewa siniya. Ni ban taɓa tambayar kowa kuɗi ba. Albashi dubu 250 ne banda kamasho, da shi nake sayen maganin Hajiyarmu kuma na fara tarin aure. Sau ɗaya oga yasa an turo kuɗi ta akawun ɗina na cire na bashi. Satin da ya wuce wata tsohuwa ta kira tana kuka, tace mijinta ne yake kula da kwamfutar kuma ya rasu, ta dinga min godiya. Tun ranar bana barci. Abokina yace ai turawa ne, sun fi mu kuɗi kuma su suka fara cutarmu. Suna da hoton NIN ɗina kuma sun san inda nake zaune. Kawu haram nake ci? In bari? In na bari me zai same ni?"

Wa alaikumus salam ɗana.

Bari in fara da abin da ka fi tsoron ji, dan bana so ka yi ta karatu har ƙasa kana neman inda zan sassauta maka. Eh, damfara ce wannan aikin, kuɗin da ake biyanka kuɗin mutane ne da aka ƙwace da ƙarya, kuma dole ka bari. Ba sai ƙarshen wata ba, ba sai ka haɗa kuɗin lefe ba. Amma bari ɗin ma akwai yadda ake yinsa, saboda a yadda ka bada labari akwai igiya a ƙafarka wadda baka lura da ita ba, zan zo kanta.

Wata ƙila kace baka taɓa ganin an saci kuɗi da idonka ba, toh da gangan aka tsara aikin haka, kowa a bashi guntu dan kar ya ga hoton gaba ɗaya. Ni zan haɗa maka shi. Kafin wayarka ta yi ƙara, wannan tsohuwar tana zaune a gidanta tana duba wani abu a intanet, wata ƙila girki take nema ko labarai, sai kawai wani saƙo ya faɗo ya rufe skirin ɗin duka, wani sa'in har da jiniya da murya tana cewa kwamfutarki ta kamu da bairos, kar ki kashe, kira wannan lambar yanzu. Babu wani bairos, shafin intanet ne kawai da aka biya kuɗin talla aka cusa, in da ta san ta rufe burauza ko ta kashe kwamfutar ta kunna da shikenan magana ta ƙare. Kamfanin Microsoft da kansa ya sha faɗa cewa saƙon gargaɗinsu na gaskiya baya zuwa da lambar waya, kuma basa kiran mutum haka kawai suce kwamfutarsa ta lalace. Kenan daga lokacin da kace "ni ma'aikacin Microsoft ne" ƙarya ta riga ta fara, kuma daga bakinka ta fito. Ita kuwa AnyDesk, da irinta TeamViewer, manhajoji ne na halal da masu gyara na gaskiya suke amfani dasu, amma kai da ka yi karatun kwamfuta ka fini sanin cewa lambar nan da take karanto maka mukullin gidanta ne, daga nan siniya yana ganin duk abin da take gani, yana motsa mawus ɗinta kamar yana zaune a kujerarta.

Abin da siniya yake yi bayan ka miƙa ta ba sirri bane, hukumomi sun daɗe da bayyana shi. Zai buɗe mata Event Viewer, wurin da Windows yake rubuta ƙananan kurakurai da kowace kwamfuta mai lafiya take dasu, ya nuna mata jajaye da rawaya yace kin gani, 'yan kutse ne. Mai sauƙin cikinsu shine ya sayar mata da gyaran da bata buƙata a kan dala ɗari biyu ko biyar. Wanda ya fi wannan muni sai yace za'a maido mata da wani kuɗi, ta shiga akawun ɗinta na banki yana kallo, ya baƙanta mata skirin, ya canza lambobin da ke kan shafin yadda zata ga kamar an yi kuskure an turo mata dubu goma maimakon ɗari, alhali ko sisi bai shigo ba, sai ya fara roƙo yana cewa za'a kore shi daga aiki in bata maido ba, ita kuma saboda mutuniyar kirki ce sai ta tashi ta tafi shago ta sayo katin gif, wato katin sayayya da ake zuba wa kuɗi, ta karanto masa lambobin, ko ta je injin sayen kuɗin intanet na Bitcoin ta zuba tsabar kuɗi. A watan Satumba 2023 hukumar binciken Amurka FBI ta yi gargaɗi kan wani salo mai hawa uku: mai gyaran kwamfuta ya fara, sai wani ya kira yace daga bankinki ne, sai na uku yace daga gwamnati ne, duk bakinsu ɗaya cewa kuɗinki na cikin haɗari ki kwashe ki kai inda zamu adana miki. A wannan salon ba dala ɗari biyar ake ɗauka ba, abin da mutum ya tara tsawon rayuwarsa ake sharewa, har da kuɗin fansho. Kuma hawan farko a duk wannan shine mai murya mai daɗi da ya amsa waya ya kwantar mata da hankali, wato kai.

Shi yasa maganar "ban taɓa tambayar kowa kuɗi ba" bata tsaya min ba. Ɓarayi in zasu shiga gida sukan zura ƙaramin yaro ta taga ya buɗe musu ƙofa, yaron bai ɗauki ko cokali ba, amma in babu shi babu shiga. Nasan ba haka aka gaya maka ba ranar da aka ɗauke ka, na yarda a satin farko ka zaci aiki ne na gaskiya, amma yanzu ka sani, kuma rashin barcin nan naka alheri ne daga Allah, akwai waɗanda suka shekara a wannan kujerar basu taɓa jin komai ba.

Sai maganar abokinka, wai turawa ne sun fi mu kuɗi kuma su suka fara cutarmu. Wallahi wannan maganar tana ƙona min rai saboda na ji ta a bakin yara da yawa a garin nan, kuma ita ce take kashe zuciya. Wace ce ta cuce mu, matar da mijinta ya rasu ta rasa wanda zai duba mata kwamfuta? Rahoton FBI na 2023 ya nuna mutane sun kai ƙarar asarar sama da dala miliyan 924 ta irin wannan damfarar kaɗai, fiye da rabin kuɗin daga hannun waɗanda suka haura shekara 60 ya fito, a 2024 kuma abin ya kai kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Wannan na waɗanda suka kai ƙara ne fa, dattijo da yawa kunya bata barinsa ya gaya wa ko 'ya'yansa, yana tsoron suce ya fara ruɗewa su karɓe masa katin banki. Ba masu kuɗin Amurka ake kamawa da wannan tarkon ba, su suna da masu kula musu da komai, tsofaffin malaman makaranta ne da nas-nas da direbobi da suka yi ritaya suna lissafin kuɗin magani kamar yadda kake lissafin na Hajiya. Addini kuma bai ce cuta ta halatta in wanda aka cuta ba musulmi bane ko ba baƙar fata bane, Manzon Allah (SAW) cewa yayi wanda ya yi algus baya tare da mu, kuma Allah ya hana cin dukiyar mutane da ɓarna ya hana taimakekeniya a kan zunubi. Ka je ka tambayi duk malamin da ka yarda dashi a Agege, bazaka samu wanda zai ce maka akasin haka ba.

Kuma ka duba gida mana. Irin wannan kiran ai mu ma yana zuwa mana kullum, riga kawai ya canza. Wani ya kira da Hausa tsantsa har da sallama, yace daga banki ne BVN ɗinka ya samu matsala za'a rufe akawun, ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka dan ka yarda, yace karanto min lambar da ta shigo yanzu. Mutanenmu na Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba nawa aka yi wa haka, mutum ya sayar da kaya mota guda, kuɗin ma ba nasa bane na masu kaya ne a arewa, cikin minti kaɗan alat ya dinga shigowa har akawun ya koma sifili. In aka yi wa yayanka haka gobe, sannan aka kawo maka yaron da ya fara kiransa yace ni fa ban taɓa kuɗin ba oga ne ya cire, me zaka ce masa? Tunda na taɓo nan bari in faɗa wa sauran masu karatu: banki baya kira ya tambayi OTP, wato lambar sirrin da yake turowa ta waya, ko fin ko lambobin bayan kati, sunan da Truecaller yake nunawa mutane ne suke saka shi ba shaida bace, in an kira ka kashe kawai ka kira lambar da ke jikin katinka ko ka taka zuwa reshe, kuma kowa ya tambayi bankinsa lambar da ake dannawa a rufe akawun daga kowace waya ya haddace ta.

Mu dawo kanka. Wata ƙila oga yana gaya muku babu wanda zai iya gano ku tunda lambar Amurka ce take fita kuma kuna amfani da VPN mai ɓoye inda mutum yake a intanet. Haka aka dinga gaya wa yaran Indiya, dan can ne wannan sana'ar ta fi yin suna, garuruwa irin su Kolkata da Noida da Gurugram. Tun 2012 hukumar FTC ta Amurka mai kare masu sayayya ta fara maka irin waɗannan kamfanonin a kotu, a 2017 suka sake wani babban samame da suka kira Operation Tech Trap. A watan Oktoba 2023 hukumar binciken Indiya CBI ta dira wurare 76 a samamen Chakra-II, kuma Microsoft da Amazon ne suka haɗa bayanan suka miƙa mata, saboda kamfanonin nan suna da ma'aikata na musamman da aikinsu kenan, bin sawun masu amfani da sunansu. Akwai ma masu zaman kansu a YouTube da suke kiran lambobin da gangan suna barin a shiga kwamfutar tarko, har akwai wanda ya bi ta nan ya shiga kyamarorin tsaro na wani ofishi a Indiya, BBC ta nuna a 2020, 'yan sanda suka je suka rufe wurin. Gaskiya duk wannan bai kashe harkar ba, a rufe goma a buɗe wasu, shi yasa asarar take ƙaruwa. Amma abin da ya shafe ka shine duk ranar da aka zo, wa ake tararwa a kan kujera da hedfon a kunne?

Ba sai mun je Indiya ba. Ranar 10 ga Disamba 2024 EFCC ta shiga wani bene a titin Oyin Jolayemi a Victoria Island ta kwashe mutum 792 a rana ɗaya, 148 'yan China, 40 'yan Filifin, kusan 600 kuma yaranmu ne 'yan Najeriya da aka ɗauka aiki aka basu kwamfuta da takardar abin da zasu faɗa. Nasu damfarar soyayya ce da ta saka jari a kuɗin intanet na kirifto ba ta gyaran kwamfuta ba, amma tsarin ɗaya ne da naku. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dokar damfara ta 2006, wadda ake kira Advance Fee Fraud Act, ta faɗa ƙarara cewa ko a Najeriya wanda aka cuta yake ko a wata ƙasa laifi ne, hukuncin karɓar dukiya da yaudara ɗaurin shekara 7 ne zuwa 20 babu zaɓin tara, kuma wanda ya haɗa baki ko ya taimaka shi ma dokar ta kamo shi. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, ita ma ta yi magana kan yin sojan gona.

Igiyar da nace tana ƙafarka ita ce kuɗin nan da aka turo ta akawun ɗinka. Ka ambace shi a layi ɗaya kamar ƙaramin abu, ni kuwa shi ya fi tsaya min a rai a duk wasiƙar. Sunan turawan da aka baka babu inda yake a rubuce, gidan Lekki haya ne gobe zasu iya kwashe kwamfutoci su ɓace, oga ma ina kyautata zaton ba sunansa na gaskiya ka sani ba. Amma akawun ɗinka yana ɗaure da BVN ɗinka, BVN yana ɗaure da yatsunka da fuskarka da duk wani akawun da kake dashi a kowane banki, layinka kuma yana ɗaure da NIN. Mai bincike kuɗi yake bi, kuma inda kuɗin ya sauka da suna na gaskiya nan yake fara ƙwanƙwasawa. Ba dan ya yarda da kai oga ya zaɓi akawun ɗinka ba, dan kar nasa ya fito ne. Daga yau ko naira ɗaya kar ka sake bari ta bi ta wurinka, ko me za'a ce maka.

Yanzu yadda zaka fita. Kar ka je ka yi musu wa'azi, kar kace zaka tona musu asiri, kar ka tsaya jayayya da abokinka a kan halal da haram a cikin ofis. Mutanen da suke samun irin wannan kuɗin basa wasa da wanda suke ganin zai jawo musu matsala, kuma sun san gidanku. Saƙo gajere ya isa, kace bazaka iya ci gaba da aikin ba ka gode, kar ka ƙara komai, in akwai kayansu a hannunka kamar waya ko katin shiga ka aika musu ta hannun ɗan saƙo kar ka koma da ƙafarka. Sauran albashin da kake binsu ka barshi, dama ba naka bane, kuma shine abin da zasu riƙe su ja ka dashi. In da hali ka ɗan bar Agege na wasu makonni, ka je ka ga Hajiya ko ka koma wurin wani ɗan uwa a wata unguwa. Yawanci irin waɗannan wuraren sun saba yara na shiga suna fita, wanda ya tafi shiru basu cika binsa ba, amma in aka fara maka barazana ka adana saƙon, kar ka amsa, ka kai wa lauya da 'yan sanda.

Kar ka goge komai a wayarka. Nasan abin da zuciya zata fara raya maka kenan, ka share chat ka karya layi ka yar. Kar ka yi. Goge chat baya goge tarihin banki, abin da zai goge kawai shine shaidar da zata nuna cewa ɗaukarka aiki aka yi, an gaya maka kastoma kiya ne, kuma oga ne yace a turo kuɗi ta wurinka ka cire ka bashi. Ka ajiye tallan aikin in akwai, saƙonnin abokinka, alat na albashi, ka je banki ka karɓi sitetimen na watannin nan, ka zauna ka rubuta a takarda ranar da ka fara da abin da aka ce maka da abin da kake yi kullum tun kana tunawa. Amma kuma kar kace zaka koma ka ɗauko hotuna a ɓoye ko ka kwafi fayil daga kwamfutarsu, wannan ba aikinka bane kuma zai iya jawo maka abin da ya fi ƙarfinka.

Kai ƙara kuwa, ra'ayina ya kamata ka kai, dan kowane dare da wurin nan yake buɗe akwai wata tsohuwar da take kira. Amma lauya tukuna. Kar ka ɗauki ƙafa ka tafi ofishin EFCC na titin Awolowo a Ikoyi kai kaɗai kana ganin tunda kai ka kawo kanka za'a tafa maka, kai ma akwai hannunka a ciki, kuma ni bazan maka alƙawarin cewa babu abin da zai taɓa ka ba. Abin da na sani shine wanda ya zo da kansa da lauyansa da shaidarsa matsayinsa daban yake da wanda aka kamo da hedfon a kunne, kuma doka ta baka dama lauyanka ya zauna lokacin da kake bada bayani, kar ka sa hannu a takardar da bai karanta ba. In babu kuɗin lauya akwai Legal Aid Council ta tarayya, akwai kuma ofishin OPD na gwamnatin Legas da yake kare marasa hali kyauta, ba sai kai Bayarabe ne ba, mazaunin Legas kawai. Shi lauyan ne zai duba ya gaya maka ko EFCC za'a je ko sashen damfara na 'yan sanda da ke titin Milverton, da kuma yadda za'a shigar da maganar. EFCC tana da manhajar Eagle Eye ta kai rahoto, Microsoft ma suna da shafin da ake kai musu rahoton masu amfani da sunansu, amma a halin da kake ciki ko waɗannan ka bari sai ka yi shawara dashi.

Kafin lauya ma akwai yayanka. Na lura baka ce ya sani ba. Ka gaya masa yau, bayan isha in ya dawo daga kasuwa ya huta, ka faɗa masa duka har da maganar akawun. Zai yi faɗa, wata ƙila ya yi kwana biyu baya maka magana, ka haƙura ka sunkuyar da kai. A gidansa kake, in wani abu ya taso ƙofarsa za'a buga, bai kamata ya ji a bakin wasu ba. Kuma mutumin da ya daɗe a Mile 12 ya san manya, ya san shugabannin kasuwa da mutanen fadar Sarkin Hausawa, a cikinsu ba'a rasa wanda zai haɗa ku da lauya mai amana. Hajiya kuwa da rashin lafiyarta, ku biyun ku yanke abin da za'a gaya mata da lokacin da ya dace.

Kuɗin da ka tara na aure ka ware shi gefe kar ka ƙara taɓawa. Malamai sun ce tuba daga haƙƙin mutane bata cika sai an maida haƙƙin, in kuma an rasa mai shi akwai yadda ake yi, wannan ka zauna da malami ka bashi labarin yadda yake ya baka fatawa, ka kuma gaya wa lauya adadin saboda in magana ta je gaban hukuma maido da abin da ka samu yana cikin abin da ake dubawa. Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka nemi lambar tsohuwar nan kace zaka kira ka bata haƙuri ko ka maida mata wani abu. Nasan zuciyarka tana son haka. Amma su waɗannan mutanen suna da wani salo na sake kiran wanda suka cuta suce zasu taimaka masa ya dawo da kuɗinsa su ƙara cutarsa, kiranka zai yi kama da wannan sak, zai ƙara firgita ta ne kawai. Hanyar da zaka taimake ta ita ce bayanin da zaka bayar ta hannun lauya, da addu'a.

Nasan abin da yake cinka a ƙasan duk wannan shine maganin Hajiya, kuma bazan raina shi ba, dubu 250 a wata ba wasa bane ga yaron da yake fama da kuɗin mota daga Agege zuwa Ikeja. Watannin farko zasu yi zafi. Maganin nan nauyin ku duka ne ba kai kaɗai ba, ku zauna da yayanka da sauran 'yan uwa a raba, kafin wata uku da suka wuce ai da wani abu ake saya. Aure kuma a ɗaga, ka gaya wa yarinyar aikin ya ƙare kana neman wani, in mai zama ce zata jira, gara a ɗaga da a ɗaura a zo a ɗauke ango a bar ta da zaryar gidan yarin Ikoyi. Kuma kai ba hannu rabbana kake ba, kana da difloma, ka iya gyaran waya, turancinka ya kai bature ya fahimce ka a waya, wannan ba kowa ke dashi ba. Akwai kastoma kiya na gaskiya a garin nan, kamfanonin waya da bankuna da masu POS duk suna ɗauka, ga saka kyamarar tsaro da sola da haɗa netwok a ofisoshi da ake nema kullum. Ka duba shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na koyar da fasaha, ka duba asusun LSETF na jihar Legas da yake bada horo da rance ga masu ƙananan sana'a, in baka da katin LASRRA na shaidar zama a Legas ka je ka yi dan ana tambaya. Ko cikin 'yan kasuwarmu ma akwai aiki, mutum nawa ne a Mile 12 suke neman yaro mai amana da zai saita musu waya da manhajar banki ba tare da ya leƙa fin ɗinsu ba? Duk inda zaka je nan gaba ka tambayi sunan kamfani ka duba rajistarsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka karɓi takardar ɗaukar aiki, in aka ce ka canza suna ko kace kai ma'aikacin wani kamfani ne da ba shi ya ɗauke ka ba, ko a turo kuɗi ta akawun ɗinka, ka tashi ka tafi tun a intabiyu.

Abokinka kar ka gaya masa shirinka yanzu, ba dan mugu bane, sai dan bakinsa zai iya kai maganar inda baka so. In ka fita ka samu lauya komai ya daidaita, lauyan zai gaya maka lokacin da zaka iya jawo shi gefe kace masa shi ma ya fito, in ya ji Alhamdulillah. Ka yi magana da yayanka yau, gobe ku fara neman lauya, in kun ganshi ka sake rubuto min abin da yace. Allah ya baiwa Hajiya lafiya, ya buɗa maka ta halal.

Kawunku